Robar jera haƙori: a fara duba dasashi da ƙashi kafin a biya kuɗi

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi wa jama'a bayani kan robar nan garai-garai da ake sawa a baki don jera haƙoran manya. Mu ma'aikatan lafiyar haƙori ne a nan Gombe, kuma tambaya a kanta ta yi yawa a 'yan shekarun nan, daga 'yan mata masu shirin aure, da ma'aikatan ofis, da magidanta waɗanda haƙoransu suka hau juna tun ƙuruciya amma suna jin nauyin a gan su da wayar ƙarfe ta jera haƙori a baki ga furfura a gemu. Yawancinsu a Instagram ko TikTok suka ga tallar, inda ake nuna hoton baki kafin aiki da bayan aiki, sannan a ce turo kuɗi a aiko maka har gida. Wannan "turo kuɗi a aiko maka" ɗin shi ya sa muka ɗauki alƙalami.

Robar tana aiki, wannan babu ja a kai. Ga wanda ta dace da bakinsa, a hannun likitan da ya san aikin, tana jera haƙora tsaf ba tare da kowa ya lura mutum na sanye da wani abu ba. Amma ita kanta robar leda ce kawai mai tauri, kaurinta bai kai milimita 1 ba. Abin da ke warkarwa ko ya ɓata shi ne binciken da aka yi kafin a ƙera ta, da lissafin inda kowane haƙori zai nufa, da idon da ke bibiyar aikin wata bayan wata. Wanda ya sayi roba ba tare da waɗannan ba ya sayi kube ne babu wuƙa, kuma da ma a nan asarar ta tsaya da sauƙi.

Mutane kan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai su ɗauka wanda ya haura shekara 20 ya makara. A kan haƙori maganar ba haka take ba. Haƙorin ɗan shekara 45 yana matsawa kamar na ɗan 15, sai dai ya fi shi jinkirin somawa. Dalili kuwa shi ne saiwar haƙori ba a kafe take cikin ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Tsakaninta da ƙashin muƙamuƙi akwai wasu siraran zaruruwa da suka ɗaure ta, faɗin wurin bai wuce kamar milimita 0.2 ba. Idan aka tura haƙori a hankali ba ƙaƙƙautawa, gefen da aka matse sai jiki ya aiko ƙwayoyin halitta masu cinye ƙashi su buɗa masa hanya, gefen da aka ja kuma wasu su gina sabon ƙashi a gurbin da ya bari. Rushewa a gaba, gini a baya, haka haƙori ke tafiya. Aikin yana son ƙarfi kaɗan mai ɗorewa. Idan ƙarfin ya yi yawa, jini ya daina kaiwa wurin da aka matse, sai tafiyar ta tsaya, saiwa kuma ta fara cinyewa. Abin da babba ya rasa shi ne girman muƙamuƙi, domin nasa ya gama tsayawa. Wanda haɓarsa ta ƙasa ta zarce gaba sosai, ko ta koma ciki sosai, matsalarsa ta ƙashi ce, kuma babu robar da za ta gyara ta ita kaɗai. Irin wannan yakan buƙaci tiyatar muƙamuƙi tare da jeran haƙori.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1945 wani likitan haƙori a Amurka, Harold Kesling, ya fito da roba mai daidaita haƙora a ƙarshen aikin waya. Kamfanin Align Technology da aka kafa a Kalifoniya a 1997 shi ne ya haɗa ta da kwamfuta ya fito da Invisalign, yau kuma kamfanoni da yawa ke yin irinta.

Ga yadda aikin ƙwarai yake tafiya. Ranar farko ba a maganar roba. Likita zai duba kowane haƙori, ya nemo ruɓa da tsohon ciko da ya fara sakewa, sannan ya ɗauki wani siririn ƙarfe mai zanen milimita ya zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, zagaye da kowane haƙori. A lafiyayyen baki ƙarfen ba ya nutsewa fiye da milimita 3, kuma jini ba ya biyo shi. Idan ya shiga 4 ko 5 ko fiye, ga jini, to akwai ciwon dasashi. Bayan nan sai hoton eksire na baki gaba ɗaya, wanda ke nuna tsawon saiwoyi da tsayin ƙashin da ke riƙe da su da duk haƙorin da ya maƙale bai fito ba, wani lokaci a ƙara da hoton kai ta gefe don a auna yadda haƙoran gaba suka kwanta. Sai an yi wankin haƙori, an cike ramuka, dasashi ya daina jini, sannan a ɗauki awon baki, ko da na'urar sikan mai kama da kan buroshi babba, ko da ƙullun awo da ake danna wa a baki ya daskare.

A nan muke so mu daɗe, Malam Edita, domin nan ne ake asarar haƙora. Duk ɗan Gombe ya san abin da zaizayar ƙasa ke yi wa gidan da ke bakin kwazazzabo: daga waje bango na tsaye da fentinsa, amma ƙasar da ke ƙarƙashin harsashi ta tafi. Haka ciwon dasashi yake cin ƙashin da ke riƙe da haƙori, shekara da shekaru, ba tare da zafi ba. Mutum bai san komai ba sai ɗan jini a kan aswaki da safe, ko warin baki da ya ƙi jin magani. Manya da yawa suna ɗauke da shi, musamman masu ciwon sukari da masu shan taba. Idan aka tura haƙorin da ke cikin wannan hali, ƙashi zai rushe a gaba kamar yadda aka saba, amma ginin baya ba zai biyo ba, saboda kumburi da ƙwayoyin cuta sun hana. Ƙarshenta haƙora su jeru a ido, su riƙa girgiɗi a baki. Ƙashin da ya tafi ta wannan hanya da wuya ya dawo. Hoton da mutum ya ɗauka da wayarsa ya tura wa mai talla ba ya nuna wannan, awon ƙullu ma ba ya nunawa, domin duka biyun abin da ke saman dasashi kawai suke gani.

Akwai alama guda da muke roƙon masu karatu su riƙe. Wushirya ado ce a wurinmu, kuma wanda aka haifa da ita babu dalilin lafiya da zai sa ya rufe ta sai in shi ya so. Amma mutumin da ya kai shekara 35 ko 40 ba shi da wushirya, sai ga ta ta ɓullo tana ƙara faɗi, ko haƙorin gaba ɗaya ya fara zarce 'yan uwansa tsawo yana leƙowa waje, wannan ya nufi asibiti don a duba masa ƙashi. Sau da yawa ciwon dasashi ne ya sassauta haƙoran suka fara bajewa. Sa musu roba a wannan hali garin neman gira ne a rasa ido.

Idan awo ya shiga kwamfuta, likita ne ke tsara tafiyar kowane haƙori daki-daki. Roba ɗaya tana matsar da haƙori kamar milimita 0.25, ko ta juya shi kamar digiri 2. Daga wannan lissafi ake ƙera jerin robobi masu lamba, kowace ta ɗan bambanta da ta bayanta, a sa kowace mako 1 zuwa 2 kafin a wuce ta gaba. Ƙaramin aiki kan ɗauki kamar wata 6, matsakaici shekara 1 zuwa shekara 1 da rabi, babba ya kai shekara 2. Duk wanda ya yi wa amarya alkawarin jera mata cunkusassun haƙora cikin mako 6 kafin ɗaurin aure, lissafin nan ya isa ya ƙaryata shi.

Tambayar da mai talla ba ya amsawa ita ce: ina za a samo wurin? Haƙora sun hau juna ne saboda layin ya yi musu kaɗan. Hanyoyin samun fili ƙalilan ne. Ana iya faɗaɗa layin ta gefe kaɗan, ana iya kwantar da haƙoran gaba su ɗan fito, ana iya goge gefen haƙora, ana iya cire wasu. Gogewar ana yin ta da siririn zirin ƙarfe mai kaushi, a ɗebe milimita 0.2 zuwa 0.5 tsakanin haƙori da maƙwabcinsa, ana aunawa da ma'auni. Tsakanin haƙoran gaba 6 akwai mahaɗa 5, idan an ɗebe 0.3 a kowace an samu milimita 1.5 ke nan. Farin ɓawon haƙori ba ya sake tsirowa, shi ya sa wannan aikin hannun likita ne. To wanda ke aiko roba daga nesa ba shi da halin gogewa, ba shi da halin cirewa. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya tura haƙoran waje. Ƙashin da ke gaban haƙoran ƙasa kuwa siriri ne ƙwarai, a wasu mutane kamar ɓawon ƙwai. Idan saiwa ta fasa shi, dasashi sai ya janye ƙasa, wuyan haƙori ya bayyana rawaya, ruwan sanyi ya zama azaba.

Yawancin aikin kirki yana buƙatar wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu launin haƙori da ake liƙawa a jikin haƙora da irin sinadarin farin ciko, kowanne kamar ƙwayar gero ko dawa. Su ne marikin da roba ke kamawa ta juya haƙori ko ta jawo shi. Ana kankare su idan an gama. Wasu kuma sai an haɗa musu da ƙananan zoben roba daga sama zuwa ƙasa don gyara cizo. Ya kamata mai nema ya san wannan tun farko, domin da ƙulle-ƙullen nan robar ba ta ɓuya kamar yadda hoton talla ke nunawa. Wanda ya matso kusa zai gani.

Akwai ayyukan da roba ba ta cika iyawa ba, kuma gara a faɗa. Juya fiƙa da ƙananan turame na bayanta yana mata wuya, saboda kewayayyu ne, tana zamewa a kansu. Jawo haƙorin da ya maƙale sama ya sauko yana mata wuya. Mafi wuya shi ne rufe babban gurbi. Mutanenmu da yawa abin da ke damunsu shi ne haƙoran sama da na ƙasa duka sun turo gaba har leɓe ba ya rufuwa sai an matse. Gyaran wannan yakan kai ga cire ƙananan turame 4, kowanne ya bar gurbi na kusan milimita 7. A raba 7 da 0.25, roba 28 ke nan aƙalla, idan ana canjawa duk mako 2 an haura shekara. Kuma roba ta fi iya tura kan haƙori fiye da saiwarsa, sai haƙoran su kwanta cikin gurbin maimakon su taka a tsaye. A irin wannan baki waya ta fi ba da tabbaci, kuma likitan da ya gaya maka haka ya yi maka gaskiya. Haƙorin da aka dasa da ƙarfe cikin ƙashi ba ya motsi sam, haƙoran da aka haɗe da gada kuma, wato haƙorin ƙira da aka liƙa a jikin maƙwabtansa don cike giɓi, ba sa matsawa ɗaya-ɗaya, dole a tsara aikin a kewaye su.

Abu biyu sun shafe mu nan gida. A wasu sassan kudancin jihar nan, irin su Kaltungo, ruwan ƙarƙashin ƙasa na ɗauke da sinadarin fulorayid da yawa, wanda ke bar wa haƙora tabo fari ko ruwan ƙasa tun yarinta. Roba ba ta cire wannan tabo, ba ta kuma cire jan goro. Jera haƙori daban, gyara launinsa daban, kuma ana yin na launi bayan an gama jerawa. Ƙari a kan haka, ƙulle-ƙullen nan sukan yi saurin ɓallewa daga haƙori mai irin wannan tabo idan ya yi tsanani, sai likita ya yi dabarar liƙawa ta musamman. Na biyu shi ne haƙorin Makka. An ƙera roba ne daidai da siffar haƙori a ranar awo, har zuwa ɗan kaso na milimita. Alhaji ko Hajiyar da ta tafi aikin Hajji ko Umara tana tsakiyar aiki, ta dawo da sabon haƙorin zinare, sauran robobinta duka sun tashi aiki, sai an sake awo da sabon kuɗi. A sa shi kafin awo ko a bari sai an kammala. Haka duk wani sabon ciko babba.

Sai batun awanni, wanda shi ne ke kayar da mafi yawan mutane. Ana son roba ta zauna a baki awa 20 zuwa 22 a cikin 24. Ma'ana ci da sha da goge baki na yini guda duka su shiga cikin awa 2 zuwa 4. Da ita a baki ruwa zalla kawai ake sha, mai sanyi ko na randa. Shayi mai zafi yana lanƙwasa ta. Zoɓo da shayi suna rina ta. Lemon kwalba da kunun aya da fura da nono kuwa suna shiga ƙarƙashinta su kwanta a jikin haƙori, inda yawu ba ya kaiwa ya wanke, sai ruɓa ta fara da fararen tabo a wuyan haƙora. Wanda ke ɓantarar goro daga hantsi har magariba, ko mai shan shayi zagaye uku a majalisa, ya zauna ya yi wa kansa lissafi da gaskiya kafin ya biya. Idan robar na aljihu awa 8 a yini, haƙori na tafiya da dare yana komowa da rana, wata 6 za su wuce yana nan inda yake, ga ciwo a banza.

Watan azumi yana zuwa da nasa tsari. Da rana babu wahala, tun da ba a cin komai. Inda ake sakaci shi ne daga buɗa baki zuwa sahur, a cire ta don dabino da kunu, a tafi asham ba a mayar ba, a dawo a ci tuwo, a yi ta ɗan taɓa wannan da wancan har dare ya raba. Gara a tara cin a zama biyu, a goge baki, a mayar da ita kafin a fita masallaci. Hukuncin sanya ta ga mai azumi na malamai ne. Ta ɓangarenmu, ba ta narkewa, ba ta fitar da wani abin haɗiya, sai dai sabuwar roba kan ƙara yawu a kwanakin farko. Limamai da malaman makaranta da masu aikin rediyo su sani cewa harshe kan ɗan karye a kan sin da sadi na 'yan kwanaki, sannan ya saba. Ya fi kyau su fara a lokacin hutu.

Kula da ita ba wuya. A wanke ta da ruwan sanyi da buroshi mai laushi da ɗan sabulun ruwa marar launi, ban da man goge baki, domin yana kankare ta ta dushe. Kada a zuba mata ruwan zafi, kada a bar ta a gaban mota. A zafin Maris da Afrilu na garin nan rabin awa a mota rufe ya isa ya murɗe ta. Kafin a mayar da ita a goge haƙora da man da ke da fulorayid, a bi tsakaninsu da zaren sakace. Aswaki yana da kyau, a dai bi a hankali wajen ƙulle-ƙullen. Idan an cire ta a sa ta a ɗan akwatinta. Mafi yawan robobin da ke ɓata a wurin biki ko suna suke ɓata, an naɗe su a tishu an ajiye gefen faranti, mai kwashe kwanuka ta haɗa da shara. A riƙa ajiye robar da aka gama da ita ta baya. Idan ta yanzu ta ɓata ko ta tsage, a koma kan waccan a kira likita. Kada a tsallaka zuwa ta gaba da ka.

Kowace sabuwar roba takan matse na kwana 2 zuwa 3, shi ya sa ake son a canja ta da dare. Farasitamol ya isa. Yawan shan ibufurofen ko dikulofenak na iya rage saurin tafiyar haƙori, domin suna danne irin kumburin da aikin ke dogaro da shi. Mai shan maganin ƙarfafa ƙashi irin su alendronet, da mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, da mai juna biyu, lallai su gaya wa likita tun ranar farko. Ciwon da ke bugawa ya hana barci, ko haƙori guda ya fara duhu, ko dasashi ya kumbura yana fitar da ruwa, wannan ba ciwon roba da aka saba ba ne, a cire ta a je asibiti a ranar.

Ga abin da mai roba zai riƙa dubawa a madubi. Ya sa ta, ya danna, ya kalli bakin haƙoran gaba. Idan ta zauna daidai, babu komai tsakanin ƙarshen haƙori da ƙarshen roba. Idan ya ga ɗan sarari kamar jinjirin wata a ƙasan haƙori guda, galibi ƙaramin nan na kusa da manyan biyu na sama, to wannan haƙorin ya tsaya, roba ta wuce ta bar shi. Idan sararin ƙarami ne, tauna ɗan guntun roba mai laushi da likita ke bayarwa, minti 5 zuwa 10 sau biyu ko uku a yini, tare da ƙara kwanaki kan robar, yakan dawo da shi. Idan ya kai milimita 1 ko ya haura, ci gaba da canja roba ƙara ɓata aiki ne, sai a sake awo a ƙero sabon jeri. Sake awo abu ne da aka saba a wannan aiki, mutane da yawa sai sun yi shi sau ɗaya ko biyu kafin a gama.

Wasu matsalolin a ƙarshe suke bayyana. Roba ta sama da ta ƙasa sun haɗu sun sa kaurin da ya kai milimita 1.5 tsakanin turame, ana cije su wata da watanni, sai turamen su ɗan nutse. Ranar da aka cire sai mutum ya ji haƙoran gaba kawai ke haɗuwa, na baya ba sa taɓa juna, kilishi da tsire sun gagare shi. Likita na gyara wannan ta hanyar yanke bayan robar ko sa zoben roba. Akwai kuma ɗan baƙin sarari mai kusurwa uku da ke fitowa kusa da dasashi bayan an ware haƙoran da suka daɗe a kan juna, wanda ya fi yawa ga manya. Saiwoyi ma kan ɗan gajarta, galibi kaɗan ne da ba ya cutarwa, amma haƙorin da ya taɓa buguwa a haɗarin babur ya fi shiga haɗari, shi ya sa ake sake hoto a tsakiyar dogon aiki. Duk waɗannan sai a ganin likita duk mako 6 zuwa 10 ake kama su da wuri. Wanda likitansa ke Abuja ko Kano ya sa kuɗin mota da kwanakin tafiya cikin lissafinsa.

Bayan an gama, haƙora suna son komawa gidansu na da. Zaruruwan saiwa na ɗaukar wata 3 zuwa 4 kafin su zauna, na dasashi kuwa sukan kai shekara suna ja. Saboda haka akwai robar riƙo, wadda ake sawa dare da rana na watannin farko gwargwadon umarnin likita, sannan da dare kawai, kuma muddin ana son haƙoran su tsaya a jere ba a daina ta. Wasu a liƙa musu siririyar waya a bayan haƙoran gaba 6, inda ba a gani. Wanda ya rufe wushirya ya fi kowa buƙatar wannan waya, domin wushirya ta fi komai saurin dawowa. Robar riƙo na tsufa, ana sake ta. Mutum ya tambayi kuɗinta tun farko, ya tambayi ko kuɗin da aka yanka masa ya haɗa da hoto da sake awo da ganin likita da maye robar da ta ɓata, a rubuta a takarda. Kayan daga waje suke zuwa ko da kuɗin waje ake sayensu, farashi na bin dala.

Akwai abubuwa biyu da ke yawo a kasuwar intanet da sunan wannan aiki. Ɗaya wata roba ce mai kauri, girma ɗaya ga kowa, ana sayar da ita kashi uku daga mai laushi zuwa mai tauri. Ba a auna ta da bakin kowa ba, tana danna duk haƙorin da ta ci karo da shi, ta bar ciwon muƙamuƙi da haƙora masu motsi. Na biyun ya fi muni, wato ɗaure haƙoran gaba biyu da robar kitso ko ta ɗaurin kuɗi don rufe wushirya. Haƙori yana da faɗi a ƙasa, yana tsukewa wajen saiwa. Cikin dare zoben sai ya sulale ya shige ƙarƙashin dasashi, da safe a neme shi a rasa, a ɗauka ya faɗi. Yana nan ciki yana hawa jikin saiwoyin yana yanke zaruruwa da ƙashi, ba ya kuma fitowa a hoton eksire. Bayan makonni dasashi ya kumbura, haƙoran su yi tsawo suna lilo, sau da yawa sai dai a cire su. Iyaye mata su sa ido kan 'yan matansu a kan wannan.

Ko a ƙasashen da suka fi mu doka, tsarin aiko roba ta gidan waya ya bar mutane a rana. Kamfanin SmileDirectClub na Amurka, wanda aka kafa a 2014 kan wannan tsari, ya rufe a Disamban 2023, masu tsakiyar aiki suka wayi gari babu sauran roba, babu wanda za su tambaya.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, da sauran kafafen labarai da gidajen rediyo, duk tallar jera haƙori da aka kawo muku ku nemi sunan likitan da ke da alhakin aikin da shaidar rajistarsa da hukumar likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, MDCN, da adireshin da za a same shi ido da ido. Masu ƙera haƙori a ɗakin aiki abokan aikinmu ne masu daraja, su ke fitar da robar, amma duba marar lafiya da tsara masa magani aikin likita ne, kuma babban aiki na ƙwararren da ya yi ƙarin shekaru yana koyon jeran haƙori ne. Muna kuma kira ga NAFDAC, wadda kayan aikin lafiya ke ƙarƙashinta, da Ma'aikatar Lafiya ta jiha, su leƙa abin da ake sayarwa a shagunan kwalliya da shafukan sada zumunta.

Mai karatu da ke da niyya ya fara da sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko Asibitin Ƙwararru na jiha, na Bauchi kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya ce yana so a auna masa dasashi a kuma yi masa hoton baki gaba ɗaya. Ya riƙe hoton da sakamakon a hannunsa, idan aikin na ƙwararre ne a rubuta masa takardar turawa zuwa inda yake.

Mun gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiyar haƙori,
Gombe.